Daga Gashi Zuwa Ƙirge: Tarihin Farfaɗo da Hannun da Ya Shanye

A Gusau, idan asibiti ya sallami wanda ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, abin da iyalinsa kan shaida wa masu zuwa dubiya shi ne an ce a riƙa kai shi gashi. Sashen da ake nufi, sunansa a bakin jama'a gashin ƙashi, ma'aikacin wurin kuma likitan gashi. Sunan ya zauna daram, har masu sana'ar ma da shi suke gabatar da kansu idan suna magana da Hausa. Sai dai kalmomin nan biyu duk sun kauce wa ciwon. Ƙashin hannun da ya shanye lafiyarsa ƙalau, zafi kuwa, komai daɗinsa a jiki, ba shi ke mayar wa yatsu motsinsu ba. Raunin yana can cikin ƙwaƙwalwa, kuma ita ce za ta sake koyon aikin da ya kuɓuce mata.

Maganar ta wuce gardamar suna. Telan Tudun Wada da hannunsa ya daina riƙe almakashi, da manomin Tsafe da fartanya ta gagara, da tsohuwar Bungudu da ba ta iya cura fura, kowannensu yana zuwa asibiti da abin da sunan ya ɗarsa masa a rai: zai kwanta, a kunna masa fitila, a matsa masa hannu, ya koma gida ya jira sauƙi. Idan aka zaunar da shi gaban tebur aka ce ya ɗauki ƙwayar wake ya jefa a kofi sau hamsin, sai ya ga an raina masa wayo, ko an sa shi asarar kuɗin mota. Bai kamata a ga laifinsa ba. Masana ma sun daɗe ƙwarai kafin su yarda cewa ɗaukar waken nan ita ce maganin.

Tunanin cewa zafi ke tayar da gaɓar da ta mutu tsoho ne, kuma ba jahilci ya haife shi ba. Likitocin Girka na dā, da malaman Musulunci da suka gaje su, sun ɗauka cewa wani danshi mai sanyi ne ke toshe hanyoyin da ƙarfin motsi ke bi daga kai zuwa gaɓoɓi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bambanta a littafinsa al-Ƙanun tsakanin sakta, wato faɗuwar da ke ɗauke hankali da motsi farat ɗaya, da falij, wato mutuwar ɓari guda na jiki. Tun da sanyi ake zargi, dole magani ya kasance mai ɗumi. Ilimin ɗibbu na Larabci ya iso ƙasar Hausa tare da sauran ilmomi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a fannin, kuma ilimin ya tarar da jama'ar da dama can take ɗora wa sanyi alhakin cututtuka da yawa. Gashi da ruwan zafi, da tausa da man shanu ko man kaɗe, duk ruwa guda suka sha. A gefe kuma ga bayanin iska: mutum ya shiga banɗaki lafiya, aka ɗauko shi baki a karkace, sai a ce gamo ya yi. Sunan shan inna, da ake kiran cutar da ke shanye ƙafafun yara da shi, shaida ne na daɗewar danganta mutuwar gaɓa da iskoki.

A 1658 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya wallafa abin da ya gani a gawarwakin waɗanda ciwon ya kashe. Ya nuna cewa jijiyar jini ce ke fashewa jinin ya malala a ƙwaƙwalwa, ya kuma ce toshewar jijiyar da ke shayar da ita na iya haifar da irin wannan faɗuwa. Har yau kashi biyun nan ake da su. An gano inda ɓarnar take, amma ganowar ba ta amfani hannun majinyaci da komai ba har tsawon shekaru fiye da ɗari biyu.

Ƙafa ta tashi, hannu ya ƙi

Duk wanda ya yi jinyar mai wannan ciwo ya san ƙafa kan riga hannu dawowa. Bayan 'yan makonni sai a ga mutum yana jan ƙafa zuwa masallaci da sanda, hannun kuwa yana naɗe a ƙirji, yatsu a dunƙule. Dalilan suna da yawa. Babbar jijiyar jinin da ta fi yawan toshewa ita ce ke shayar da yankin da ke sarrafa fuska da hannu, yankin ƙafa kuwa wata jijiyar ce daban ke ba shi jini. Sa'an nan tafiya aiki ne da laka da ƙananan sassan ƙwaƙwalwa ke tallafa wa, amma motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya ya dogara ne kusan kacokan ga hanya guda da ta miƙe daga saman ƙwaƙwalwa zuwa laka. Hanyar nan tana tsallakawa ɗaya ɓarin kafin ta sauka, shi ya sa rauni a hagun ƙwaƙwalwa ke kashe hannun dama, sau da yawa kuma ya haɗa da magana. Wilder Penfield, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa a Kanada, ya nuna a 1937 cewa filin da hannu da yatsunsa suka ci a saman ƙwaƙwalwa ya zarce na gangar jiki nesa ba kusa ba.

Dalili na uku shi ne wanda aka fi daɗewa ba a lura da shi ba, ga shi kuwa a fili. Ba mai iya zuwa banɗaki da ƙafa ɗaya, saboda haka ƙafar da ta shanye tana samun horo na tilas sau ɗaruruwa a yini. Hannu kuwa yana da ɗan'uwan da zai ɗauke masa aiki. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma yana ɗaukar cokali da buta da waya, kuma wannan ya isa a manta da ɗayan.

Abin da ya rufe wa masana ido shi ne imanin cewa ƙwaƙwalwar baligi ba ta sauyawa. Santiago Ramón y Cajal ɗan Sifaniya, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, ya kammala da cewa hanyoyin jijiya na babban mutum sun riga sun kafu, suna iya mutuwa amma ba sa sake tsirowa. Maganar babban malami ce, sai ta zama kamar doka. Duk da haka, a 1917 Shepherd Ivory Franz da Robert Ogden a Amurka suka yi wa birai rauni a yankin motsi na ƙwaƙwalwa, suka ɗaure hannun mai lafiya, suka tilasta wa dabbobin aiki da wanda ya shanye, hannun kuwa ya dawo. An buga sakamakon, aka karanta, aka ajiye. Zamanin bai shirya karɓarsa ba.

Yadda sana'ar ta shigo ta ƙofar ƙashi

Aikin da ake kira gashin ƙashi ya iso Nijeriya a 1945, lokacin da Turawan Ingila biyu, Miss Manfield da Mista Williams, suka kama aiki a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, wanda asalinsa sansanin jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu ne. Su suka fara horar da 'yan ƙasa a matsayin mataimaka. A 1959 aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, a shekarar ce kuma aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Jami'ar Ibadan ta fara digirin fannin a 1966. Arewa ba ta sami makarantarta ba sai ƙarshen shekarun 1980, a Kano, wadda ta zama sashe na Jami'ar Bayero. A 1988 ne kuma gwamnatin soja ta yi dokar kafa hukumar rajistar masu aikin.

Wanda ya dubi jerin nan zai ga inda sunan ya dace da zamaninsa. Ta asibitin ƙashi sana'ar ta shigo, majinyatanta na farko masu karaya ne da guragun shan inna, kayan aikinta da suka fi ɗaukar ido kuwa fitilar zafi ce da narkakken kakin zuma da na'urar lantarki. Bahaushe ya ga abin da ya yi kama da gashin da ya sani a gida, a asibitin da ya sani na ƙashi, ya raɗa suna. Zamfara kuwa a lokacin yanki ce ta Jihar Sakkwato, sai ranar 1 ga Oktoba 1996 ta zama jiha. Manyan asibitocin da Gusau ke tinƙaho da su yau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, duk bayan nan suka samu. Wato dai sunan ya riga aikin isowa gidaje da yawa.

A daidai shekarun da sana'ar ke kafuwa a Igbobi, a Turai da Amurka an fara duban hannun da idon basira. Thomas Twitchell ya bi majinyata 121 ya wallafa a 1951 cewa dawowar motsi tana da tsari: da farko hannu ya yi laƙwas, sa'an nan ya sandare, sai motsi ya fara daga kafaɗa ya gangaro, naɗewa ta riga miƙewa, yatsu su zo ƙarshe. Signe Brunnstrom 'yar Siwidin ta tsara wannan ya zama matakai da ake auna majinyaci da su. Berta Bobath da mijinta Karel, waɗanda suka guje wa mulkin Hitler suka zauna a Landan, suka gina hanyar da ta mamaye duniya: ma'aikaci ya riƙe gaɓar da hannunsa, ya sassauta sandarewar, ya bi da ita ta hanyar motsi na daidai, ya hana majinyaci yunƙurin da zai ƙara masa taurin tsoka. Hanyar Bobath ta fitar da masu shanyewar jiki daga gado, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne. Amma har a nan gwanintar tana hannun ma'aikaci, majinyaci abin sarrafawa ne. Da aka zo aka tace gwaje-gwajen da aka yi a kanta, wani bita na 2009 bai sami hujjar cewa ta fi sauran hanyoyi ba.

Birai goma sha bakwai

Wanda ya tono abin da Franz ya binne masanin halayyar ɗan'adam ne, Edward Taub. Ya riƙa yanke jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga hannun biri zuwa laka. Tsokar lafiyarta ƙalau, amma sai birin ya yi watsi da hannun tamkar ba nasa ba. Idan aka ɗaure mai lafiyar na wasu kwanaki, sai ya koma amfani da wanda ya watsar. Taub ya fassara abin kamar haka: a kwanakin farko birin ya gwada hannun, ya faɗi, abinci ya suɓuce masa, sai ya koyi cewa hannun ba ya aiki. Daga baya, ko da ƙarfin ya fara dawowa, darasin ya riga ya zauna. Ya kira wannan koyon rashin amfani.

A 1981 'yan sanda suka shiga ɗakin gwajinsa a Silver Spring ta jihar Maryland suka kwashe birai 17, bayan wani mai fafutukar kare dabbobi ya fallasa halin da suke ciki. An same shi da laifi, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1983, shari'ar kuma ta zama tushen tsaurara dokokin gwaji da dabbobi a Amurka. Abin da aka yi wa biran ba shi da daɗin ji, kuma babu dalilin ɓoye shi. A 1991, da aka binciki ƙwaƙwalen wasu daga cikinsu, sai aka tarar yankin da a dā ke karɓar saƙo daga hannu ya koma karɓa daga fuska. Ashe ƙwaƙwalwar baligi tana sake rabon filinta. Randolph Nudo ya ƙara ƙarfafa wannan a 1996, inda ya nuna cewa birin da aka horar da ɗaukar ƙananan ƙwayoyin abinci bayan raunin ƙwaƙwalwa yana riƙe da filin hannunsa, wanda aka bari ba horo kuwa filin nasa yana ƙara tsukewa.

A nan ne tarihin ya shigo tsakar gidan Bahaushe. Maigida ya kwanta ciwo, matansa da 'ya'yansa suka yi masa caa: wannan ta ba shi abinci a baki, wancan ya zuba masa ruwan alwala, ƙaramin ya sa masa maɓallin riga. Barin uba yana kokawa da loma a gaban baƙi abin kunya ne ga 'ya'ya, ɗan da ya tsaya yana kallo kuwa sai a ce ba shi da tausayi. Idan hannun dama ne ya shanye abin ya fi tsanani, domin ci da hagu ko miƙa abu da hagu yana yi wa dattijo nauyi, duk da rangwamen da addini ya yi wa mai lalura, sai ya gwammace a ciyar da shi. Ladabi ne da jinƙai, amma sakamakonsa a ƙwaƙwalwa daidai yake da abin da Taub ya gani a keji.

Taub ya koma Jami'ar Alabama a 1986 ya fara gwada dabarar a kan mutane: a sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri, a ba marar lafiyar ayyuka ƙanana da ake ƙara musu wuya sannu a hankali. Babban gwajin ya fito a mujallar JAMA a 2006, ƙarƙashin jagorancin Steven Wolf. Majinyata 222 ne, waɗanda ciwon ya kama wata uku zuwa tara kafin nan. Waɗanda aka yi wa dabarar an nemi su sa safar kusan dukan yini har kwana 14, ana horar da su har awa shida a ranakun aiki. Bayan shekara guda hannuwansu sun fi na sauran aiki. Amma akwai sharaɗi: sai wanda ke iya ɗan ɗaga tsintsiyar hannu da ɗan miƙe yatsu aka ɗauka. Ɗaure lafiyayyen hannun wanda ɗayan bai motsi ko kaɗan azaba ce kawai, ga kuma haɗarin faɗuwa. Wani gwajin na 2009 ya nuna cewa tsananta horon a kwanakin farko na ciwon ya fi matsakaicinsa ƙarancin amfani.

Awa shida a yini gaban ƙwararre, ko a Amurka ba kowa ke samu ba, balle a Bungudu. Daga nan sai tambaya ta sauya, aka koma neman ainihin abin da ke aiki a cikin awannin nan. Catherine Lang da abokan aikinta sun zauna sun ƙirga a 2009, suka tarar majinyaci a asibitocin Amurka da Kanada kan maimaita motsin hannu mai ma'ana sau 32 kacal a zama guda, alhali dabbobin gwaji sau ɗaruruwa suke yi a yini. Ɗaya daga cikin amsoshin da suka fi dacewa da ƙasar Hausa daga Kano ta fito. Auwal Abdullahi na Jami'ar Bayero ya wallafa gwaji a 2018 inda ya ajiye agogo ya ɗauki ƙirge: wani rukuni ya maimaita ayyukan sau 300 a yini, wani sau 600, aka kwatanta su da masu horon awa uku. Masu ƙirgen ba su gaza masu agogon ba. Gwajin ƙarami ne, ba a gina gida a kansa shi kaɗai, amma hikimarsa a bayyane take. Dattijuwar da ba ta duba agogo ta san ƙirge da carbi tun tana budurwa, sau 300 kuwa zagaye uku ne da 'yan kai. Ayyukan ma ba sai an sayo su ba: ɓare gyaɗa, tsintar wake, ɗaga ludayi zuwa baki, juya shafin littafi, zura zariya, ƙirga kuɗi. Ƙwallon robar da ake yawan damƙa wa majinyaci ya yi ta matsawa ba ta wadatar, domin abin da ke gagarar hannun buɗewa ne, damƙa kuwa ita ke fara dawowa da kanta.

Haka nan madubi. A 1999 Eric Altschuler da V. S. Ramachandran suka ba da rahoto a mujallar Lancet cewa idan aka ɓoye hannun da ya shanye a bayan madubi, majinyaci yana motsa mai lafiyar yana kallon hotonsa, ƙwaƙwalwa kan ɗauka ɗayan ne ke motsi. Bitar gwaje-gwaje 62 da aka yi a 2018 ta sami cewa dabarar tana taimakawa idan an haɗa ta da sauran horo. Tana cikin 'yan abubuwan da ake iya yi wa hannun da bai fara motsi ba, tare da miƙe gaɓoɓi a hankali don kada su ƙage, da ɗora hannun a kan matashi. Abu biyu kuma masu sana'ar ke yawan gargaɗi a kansu: ɗaga majinyaci ta hanyar jan hannun da ya shanye, wanda ke raunata kafaɗar da tsokarta ta saki, da gashi da ruwa mai tsananin zafi a fatar da ba ta ji, wanda ke ƙarewa da ƙuna.

Sai dai kada a yi saurin cewa a miƙa wa iyali aikin a huta. An gwada haka a Indiya, a asibitoci 14, da majinyata 1,250, aka koya wa 'yan'uwa horon su ci gaba da shi a gida. Sakamakon da ya fito a Lancet a 2017 bai nuna wani bambanci ba bayan wata shida. Koyarwar 'yan awanni da takardar hotuna ba sa mayar da ɗa ƙwararre. Dole a sami mai ido da zai riƙa duba hannun, ya ce wannan aikin ya yi sauƙi a ƙara masa wuya, wancan kuma kafaɗa ce ke yin sa a madadin yatsu.

Mai idon nan galibi a babban birnin jiha yake. Bungudu tana kusa da Gusau a kan hanyar Sakkwato, Tsafe ta fi nisa a kan hanyar Funtuwa, kuma shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun mayar da tafiyar da a dā ba a lissafa ta abin da sai an yi shawara, musamman ga mutanen ƙauyukan da ke nesa da titi. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a jihar aka rufe kasuwannin mako, har tuntuɓar ma'aikacin lafiya ta waya ta gagara, kuɗin mota ma ya ƙafe. Masu ciwon kuwa ba tsofaffi tukuf ba ne kaɗai. Babban binciken da Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, wanda ya fito a 2018, ya sami matsakaicin shekarun majinyata 59, ya kuma ɗora wa hawan jini kusan kashi 90 cikin ɗari na alhakin ciwon. Masu ciyar da gida ne, kuma wanda ya daina shan maganin hawan jini don ya ga ya miƙe, yana gayyatar faɗuwa ta biyu.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2021 ya ba majinyata ƙarin awa 20 na horon hannu a lokuta daban-daban, waɗanda suka samu a wata na biyu zuwa na uku su suka fi amfana. Watannin nan ne kuwa iyalai da yawa ke ƙarar da su tsakanin mai rubutu da wanzami da kantin magani, kafin wani ya ambaci gashi. Rubutu da addu'a ba sa hana ɗaukar wake, ana iya haɗa su a safiya guda. Jiran ɗaya ya ƙare kafin a fara ɗaya shi ne asarar.

Wanda ya makara ma ƙofa ba ta rufe masa gaba ɗaya ba. A asibitin Queen Square na Landan, Nick Ward da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2019 a kan majinyata 224, waɗanda rabinsu sun haura wata 18 da kamuwa, kuma hannuwansu sun inganta, ingancin ya ɗore bayan wata shida. Ba a kwatanta su da wani rukuni ba, don haka a karɓi sakamakon da taka-tsantsan. Abin da aka ba su shi ne horon awa 90 cikin mako uku. A ce manomin Tsafe yana samun zuwa Gusau sau ɗaya a mako, ana ba shi rabin awa, ba ya kuma yin komai a gida, sai ya shafe kusan shekara uku da rabi kafin ya tara awannin nan.